Yaya Sharafa da Laftof ɗin Alphonsus

Yayana Sharafaddeen mutum ne da idan ka kawo masa mataccen rediyo zai tashe shi kafin ku gama gaisawa, amma idan ka tambaye shi abin da ke damunsa sai ka gaji da tsayuwa ka tafi. Ni ce ƙanwarsa Madina. Shekara tara na yi ina buga wa mutane takardu a gefen teburinsa, saboda haka abin da zan faɗa a kansa da idona na gani.

A Bukuru aka haife shi, lokacin Babanmu yana gyaran injinan haƙar kuza. Da aikin kuza ya ja baya muka koma Dutse Uku. Yaya ya bar makaranta a aji uku na sakandare, ba don daƙiƙanci ba, zama a benci ne kawai ba ya iyawa. Ya koyi gyaran rediyo, ya koma tafireta, da tafireta ta mutu ya bi kwamfuta. Duk abin da ke da noti da waya nasa ne. Abin da ke rubuce a kan allo kuwa, musamman doguwar Turanci, kallonsa yake yi kamar an ajiye masa abincin da ba ya ci.

Wannan giɓin Alphonsus Anene ya cike. Shi ma haifaffen Jos ne, iyayensa daga Gabas suka zo suna sayar da kayan gini, kuma Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gidanmu. A shekarar 2000 ya kawo wa Yaya gyaran wani allon kwamfuta, suka yi musu a kan abin da ya ƙone, Yaya ya yi gaskiya, bayan wata biyu suka kama shago tare a Nasarawa Gwom. Yaya yana kwance ƙarfe, Alphonsus yana sa manhaja, ni ina buga takardu ina raba su faɗa. Alphonsus surutu gare shi kamar me. Shi kaɗai na sani a layinmu da ke amfani da Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta da ake bayarwa kyauta, kowa yana iya leƙa cikinta ya gyara. Ta gidan waya aka aiko masa da faifanta, ya yi mako guda yana nuna wa kowa ambulan ɗin. Yaya yana kiranta ɗarikar Alphonsus mai mabiyi ɗaya.

Ranar Juma'a, ashirin da takwas ga Nuwamba 2008, garin ya kama wuta. Ba zan tsaya a kan wannan ba, duk wanda ya zauna a Jos yana da nasa labarin. Namu shi ne shagon ya ƙone ƙurmus. Alphonsus ya kai matarsa Cordelia da 'ya'yansu biyu harabar cocinsu da sassafe, ya ce zai leƙa shago ya dawo. Ba a sake ganinsa ba, ba shi ba gawarsa.

Yaya ya bi asibitoci da bariki da ofisoshin 'yan sanda tare da dangin Alphonsus har mako uku. Daga nan ya daina. Ya kafa tebur a zauren gidanmu, ya samo sabon ƙarfen narka dalma da mitar gwada wuta, ya ci gaba da karɓar gyara. Yana cin abinci, yana zuwa masallaci, yana amsa gaisuwa. Ban taɓa ganin ya yi kuka ba, ban kuma ji ya ambaci sunan Alphonsus ba ko sau ɗaya. Wannan shirun yana ba ni haushi, har na taɓa ce masa ko bango aka doka yana ƙara. Ya ce in miƙo masa sukuddireba. Gaskiyar magana ni ma ba abin da nake ji a lokacin, haushin ne kawai ya rage mini, shi nake juyawa.

A watan Afrilu, an fara yayyafi, Cordelia ta zo gidanmu. Da farko ban gane ta ba, domin ta yafo gyale har goshi, irin yadda mata suka koyi sauya shiga idan za su ratsa unguwar da ba tasu ba. Ta koma Bukuru wajen wata gwaggonta. Ta rame, amma muryarta tana nan yadda take. Ta kwance wani ƙullin zani a kan teburin Yaya, sai ga baƙar laftof ɗin Alphonsus, wadda ya bari a gida ranar da ya ɓace.

"Oga Sharafa," ta ce, "kwamfuta na abokinka ne. Ba ya shiga intanet. Ina so ka sa shi ya shiga."

Yaya ya dubi laftof ɗin bai taɓa ta ba. "Madam, wannan abin nasa ne a ciki. Ni ban iya shi ba. Sai dai in goge in sa miki Windows."

"Kar ka goge komai. Mutum biyu sun gaya mini haka a Bukuru, na ɗauke kayana. Imel nasa yana ciki, yana buɗewa da kansa. Ni ban san faswod ba, ba wanda ya sani. In ka goge, shi ke nan."

Sai ta yi bayani. Wayarta ta faɗi ranar gudu, ta sauya lamba. Tunaninta shi ne idan Alphonsus yana wani wuri a tsare ko a kwance, ya nemi tsohuwar lambarta bai samu ba, wataƙila wani ya rubuta masa imel a kan inda yake, ko shi ya sa an rubuta. Ni dai a raina na ce wannan ba hankali a ciki. Mutumin da ke da rai wata biyar zai nemi ƙaninsa Uchenna a Onitsha, zai nemi Yaya, zai aiko ɗan saƙo. Ita ma na tabbata ta san haka. Amma ta duba ko'ina, akwatin imel ɗin nan kaɗai ya rage ba ta duba ba. Ta roƙi abu ɗaya: kada a buɗe wasiƙunsa sai tana wurin.

Yaya ya ce, "To, bar ta."

Abu na farko da kowa zai yi shi ne ya soka wayar intanet a gefen laftof. Wannan ramin tsawa ta ƙone shi tun daminar da ta wuce, Yaya da kansa ya tabbatar da mutuwarsa a lokacin. Saura katin wayales da ke cikinta. Yaya ya juya laftof ɗin, ya kwance marfin, ya ciro katin, ɗan ƙarami bai kai kwalin ashana ba. Ya goge haƙoran katin, ya duba siraran wayoyin eriya biyu, ya sa shi a wata laftof mai Windows, ya kama aiki nan take. Ya mayar da shi gidansa. Fitilar wayales ba ta ko ƙifta ba.

"Ƙarfen lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Direba ne."

Direba ita ce 'yar manhajar da ke koya wa kwamfuta yadda za ta yi magana da katin. A Windows ka sa faifai ka bi umarni. A abin Alphonsus kuwa, mu biyu muka zauna muna kallon allo kamar baƙi a tasha. Ya aro wani katin na sokawa ta USB, faifan da ya zo da shi na Windows ne kawai. Ya mayar wa mai shi.

Sai muka fara zirga-zirga zuwa wani kafe na intanet a saman bene kusa da kasuwar Taminus, inda har yanzu kowa da kowa ke iya zuwa. Ni nake karanta abin da masu Linux suka rubuta a zaurukansu na tambaya da amsa, Yaya yana kwafe umarnin da biro a bayan tsofaffin takardun gwaji, harafi bayan harafi. Mu koma gida, in buɗe baƙin allon da ake ba kwamfuta umarni a rubuce, yana karantowa ina bugawa. Umarni na farko ya jero duk kayan da ke cikin laftof ɗin, ga sunan katin nan a layi na ƙarshe. Wato tana ganinsa. Umarni na biyu ya jero hanyoyin sadarwa, babu shi a ciki. Na uku ya zubo rubutu kamar ruwa, can ƙasa wani layi yana cewa ba a sami direban ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shawarar waɗannan mutanen. Kowa cewa yake, abu mai sauƙi ne, buga kaza za ta sauko da direban daga intanet. To da wane intanet? Da muna da shi me zai kawo mu wajenku? Dole muka riƙa sauko da fayil a kwamfutar kafe, mu zuba a filas, ɗan abin ɗaukar fayil, mu kai gida. Ka sa fayil ɗin, ya ce ba zai zauna ba sai an kawo masa wani. Ka koma ka kawo wancan, shi ma ya ce yana da ƙanne biyu. Sau huɗu muka hau wannan benen a mako guda. Wata rana muka yi awa biyu muna jiran fayil ɗaya, ya kai kashi casa'in da ɗaya aka ɗauke wuta. Yaya ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu, ya ce mu tafi. Ni ce na yi tsaki a madadinmu duka.

Mun gwada dabarar da ake naɗe direban Windows a sa shi ya yi aiki a Linux. Laftof ɗin ta sandare, ko ɗan kibiyar da ke kan allo ba ya motsi, sai da aka cire batir. Na ɗauka mun kashe ta. Ta tashi. Yaya ya sa na cire duk abin da muka sa ran nan, ɗaya bayan ɗaya, yana duba takardarsa yana sokewa. Mun gwada haɗa direban da kanmu daga tushensa, aka ce kayan haɗin da muka kawo ba na wannan zubin na Linux ba ne, lambar namu tana ƙarewa da sha ɗaya, mun ɗauko na tara. Lamba ɗaya ta cinye mana yini biyu.

A kwanakin nan aikin mutane ya taru a gefen tebur. Wani mai firinta ya zo sau uku, Yaya ya ce masa gobe, a na huɗu ya ɗauki abinsa ya tafi yana mita. Cordelia ba ta kira ba ko sau ɗaya don ta ji inda aka kwana. Wannan ya fi mini nauyi a kan da tana damunmu. Na ce wa Yaya, "Ka san fa ba abin da za mu samu a ciki." Ya ce ya sani. Na ce to wahalar ta mece ce? Ya ce, "An kawo mini gyara ne." Ban san ko amsa ce ko korata ya yi ba.

Ranar ta goma sha ɗaya, da hantsi, na gaji na koma kan nawa aikin. Yaya yana kunna laftof ɗin yana kashewa, yadda yake yi wa rediyo idan yana son ya ji inda sautin ke yankewa. Sai ya kira ni. Ya ce duk lokacin da ta tashi akwai wani ɗan rubutu da ke fitowa a ƙasa na daƙiƙa uku ya ɓace, in karanta masa. Sai da ya kunna sau biyu na kama shi: a danna Esc don ganin zaɓi. Ya danna. Jeri ya fito, layin sama yana ƙarewa da sha ɗaya, na ƙasa da shi yana ƙarewa da tara.

"Wannan na ƙasan fa?"

"Tsohon zubi ne, ina ji. Wanda take kai kafin a sabunta ta."

Ya sauka kan na ƙasan ya danna. Laftof ɗin ta tashi kamar kullum, sai fitilar wayales ta kama, shuɗiya. Daga baya muka fahimci abin da ya faru. Alphonsus da hannunsa ya haɗa direban don tsohon zubin. Ranar Alhamis, ana gobe rikicin, ya sabunta manhajar, sabon zubin bai san da direbansa ba, kuma bai sami lokacin sake haɗawa ba. Abin da muka yi kwana goma sha ɗaya muna nema yana zaune a ciki tun farko. Yaya ya daɗe yana kallon fitilar. Bai yi murna ba, ni ma ban yi ba. Ya ce in kira Madam.

Washegari Talata muka haɗu a kafen da ƙarfe goma na safe. Mai kafen ya ba mu lambar shiga wayales ɗinsa da tebur a lungu. Cordelia ta zauna a tsakiya, jakarta a kan cinya ta riƙe da hannu biyu. Laftof ɗin ta kama intanet ba gardama. Yaya ya buɗe manhajar wasiƙu. Wani ɗan akwati ya fito da tambaya, kafin in kai rabin layin farko ya riga ya danna Enter, kamar yadda duk mai gyara a garin nan yake yi wa irin waɗannan akwatuna sau ɗari a yini. Wani abu ya gilma a ƙasan allon. Ban bi ta kansa ba, domin wasiƙu sun fara shigowa.

Ɗari uku da goma sha huɗu. Kusan minti arba'in suna saukowa, muna bin su ɗaya ɗaya, ina karantawa a hankali. Tallan magani. Tallan agogo. Sanarwar ƙungiyar masu Linux. Wani ɗan Legas yana tambayar ko allon da aka aiko ya iso. Uku daga Uchenna, duk na farkon Disamba, yana cewa don Allah ya kira. Wani tsohon abokin makaranta yana masa barka da Kirsimeti. Daga Fabrairu zuwa yanzu sai talla zalla. Da muka kai ta ƙarshe Cordelia ta ce a koma sama a sake bi. Muka sake bi. Ta gyaɗa kai, ta ce, "To. Na gani." Muryarta ba ta ko girgiza ba. Ta fara ninke zanin da za ta naɗe laftof ɗin.

Sai wayarta ta yi ƙara. Uchenna ne. Yana aiki a ofishin wani mai shigo da kaya, yini yake a gaban kwamfuta. Da ƙarfi yake magana har muna jiyo shi, da harshensu, kuma a bayansa akwai muryoyin mata suna waƙa. Cordelia ta miƙe tsaye, kujerar ta faɗi. Fuskar da na manta tana da ita ta dawo. Ta cire wayar daga kunne ta kama hannun rigar Yaya.

"Ya rubuta! Alphonsus ya rubuta wa Uche yau da safe. Ya ce yana lafiya. Uche ya tafi gida ya gaya wa Mama, suna can duka."

Sai na tuna abin da ya gilma a ƙasan allon. Na jawo laftof ɗin na buɗe wajen wasiƙun da aka aika. Tana nan a sama, guda ɗaya. Gajeriya ce, da Turanci: kada ka damu da abin da kake ji, ina lafiya, Cordelia da yara suna coci, layin waya ba ya shiga, zan leƙa shago in dawo, ka gaya wa Mama. A gefenta ranar da aka rubuta, ashirin da takwas ga Nuwamba, bakwai saura minti takwas na safe. Ya rubuta, katin ya ƙi, ta zauna tana jira. Akwatin nan da ya fito tambaya yake ko a aika wasiƙun da ba su tafi ba.

Na juya allon wajen Yaya na sa yatsa a kan kwanan watan. Wannan bai buƙaci a karanta masa ba. Ya duba, ya dubi hannunsa na dama, ya miƙe.

"Madam," ya ce, "zauna."

"Oga Sharafa, ka ji abin da na ce?"

"Na ji. Zo ki ga wannan."

Ta sunkuya ta karanta. Leɓenta yana motsi, ta karanta har ƙarshe, ta koma kan kwanan watan, ta sake komawa farko. Uchenna yana ta kiran sunanta a cikin wayar. Na ɗaga kujerar na tura mata ta zauna. Ba ta yi kuka ba. Ta tambayi Yaya ko za a iya dawo da wasiƙar, ya ce ba a iyawa. Ta dubi wayar a hannunta, ta kai ta kusa da kunne, ta sake sauke ta.

"Ba ni," in ji Yaya. "Ni na danna."

Ta miƙa masa. Mutumin da ke sa ni in yi masa magana da duk baƙon da ya zo da Turanci, ya tsaya a tsakiyar kafe ya haɗa 'yan kalmomin da yake da su. Ya ce shi ne Sharafaddeen na Jos, abokin Alphonsus. Rabona da in ji sunan a bakinsa wata biyar ke nan. Ya ce wasiƙar tsohuwa ce, ta watan Nuwamba, shi ne ya gyara kwamfutar yau ta tafi da kanta, laifinsa ne, a yi haƙuri. Uchenna ya yi wata tambaya, Yaya ya ce a'a. Ya sake tambaya, Yaya ya sake cewa a'a, ba wanda ya gan shi.

Daga inda nake zaune ina jin waƙar matan nan ta cikin wayar. Ta ɗan ci gaba, domin ba su ji ba tukuna. Sai murya ɗaya ta tsaya, sai ta biyu, sai sauran. Yaya bai kashe ba, ya ci gaba da riƙe wayar a kunnensa, hawaye yana bin gemunsa, yana jira ko akwai wanda zai sake magana.